Malam ya soke min Nok da jan biro

Sadik ɗan Rikkos: Assalamu alaikum. Yau ni ne da ƙorafi, kuma ina son manyan gidan nan su raba gardama. Zangon nan muna darasin zamanin kafin tarihi da wayewar farko. Sati biyar muka yi a Iraƙi: kogunan Dajla da Furat, ƙasar Sumer, birnin Uruk, dokoki 282 na Sarki Hammurabi. Sati uku a Masar. Sai da zango ya zo gangara aka ba mu Nok, tsohuwar al'adar nan ta tsakiyar Najeriya, a lacca ɗaya, ita ma rabinta ya tafi wajen neman mai makullin aji. A gwaji aka ce mu kawo misalin wayewar farko guda uku. Na sa Sumer, na sa Masar, na uku na sa Nok. Da takarda ta dawo sai na ga Malam ya ja wa Nok layi da jan biro, ya rubuta a gefe: "Wannan al'ada ce, ba wayewa ba." Maki biyar suka tafi. Ni ba makin ne ya dame ni ba. Mutanen da suka narka tama suka fitar da ƙarfe wajen shekara 2,500 da suka wuce, su ne marasa wayewa?

Aminu Mai Keke: Makin ne ya dame ka mana. Da ya ba ka biyar ɗinka, ko sunan Nok ba za mu ji a bakinka ba.

Sadik ɗan Rikkos: Yaya Aminu, Allah ya shirye ka. Maganar gaske nake.

Malam Garba Tsohon Tisha: Wa alaikumus salam. Sadik ɗana, ni ma na koyar da wannan darasi kafin in ajiye alli, kuma da takardarka ta zo hannuna a wancan lokacin, da na ja layin. Malaminka bai zagi kowa ba. Ma'auni yake bi. Wani masanin tone-tonen kayan tarihi, Gordon Childe, a 1950 ya jera alamomi goma da ake gane cewa jama'a sun tashi daga zaman ƙauyuka sun shiga zaman birni. A ciki akwai taron mutane masu yawa wuri ɗaya, da masu sana'ar da ba sa noma sai dai a ciyar da su, da haraji, da manyan gine-gine, da masu mulki, da fatauci mai nisa, da rubutu. Ka ɗora Uruk a kan wannan sikeli, ta cika mudu har ta zuba. Ka ɗora Nok, abin da aka tono ƙananan matsugunai ne a warwatse. Ba a tono fada ba, ba a tono ganuwa ba, ba a ga rubutu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne fassara. Kalmar da Turawa ke amfani da ita, wato "civilization", asalinta daga Latin ne, kuma tana da dangantaka da birni da ɗan birni. Mu kuwa muka ce wayewa. A Hausa in ka ce mutum bai waye ba, ka ce kansa da duhu, ka ce baƙauye ne. Da tun farko an ce mana "zaman birni na farko", da ba ka ji zafin jan biron nan ba.

Sadik ɗan Rikkos: Na gode Malam. Amma da Turanci ake mana darasin, kuma ko a Turancin in aka ce mutum ba shi da wannan abin, ai zagi ne.

Malam Garba Tsohon Tisha: Wannan kuma ka kama ni. Haka ne.

Hauwa 'yar ajinsu: Ni ajinmu ɗaya da Sadik, kuma na ci makin, don na sa Indus ta yankin Pakistan da Indiya a na uku. Amma ina da tambaya ga Malam Garba. In rubutu sharaɗi ne, ina za mu kai Inka na Kudancin Amurka? Suna da babban birninsu Kusko, suna da hanyoyi a kan duwatsu, suna da sarki da ma'aikata, amma ba su da haruffa. Igiyoyi suke ƙullawa su ajiye lissafi. Kuma a takardun da aka raba mana suna cikin jerin masu wayewa. Ashe sikelin ma yana da inda ake danna masa yatsa.

Kuma rubutun nan da ake ta yi mana gori da shi, ni ranar da aka nuna mana hoton allunan Uruk dariya na yi. Na zaci waƙa ce ko addu'a. Ashe mafi yawansu lissafi ne: sha'ir kaza ya shiga rumbu, tumaki kaza, rabon ma'aikata kaza. An danna a kan ɗanyen yumɓu wajen shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa. Wallahi littafin bashin mai shagon layinmu na tuna. Mutum ya ƙirƙiro rubutu ne don kada a cinye masa hatsi.

Aminu Mai Keke: Kenan mai shagon layinku ya waye, kakata da ta haddace bashin mutum talatin a ka ba ta waye ba.

Malam Garba Tsohon Tisha: Hauwa'u, Allah ya yi miki albarka. Inka sun daɗe suna ba wannan ma'auni ciwon kai. Amma ki lura, su rubutu kaɗai suka rasa. Nok birnin ma ba a samu ba.

Anti Ladi Kwoi: Sannunku. Na yi shiru ina karantawa har abin ya iso ƙofar gidanmu. Ni 'yar Ham ce, waɗanda kuke kira Jaba, kuma ƙauyen Nok a ƙaramar hukumarmu yake, a kudancin Kaduna. Ku daina cewa "mutanen Nok" kamar wasu aljanu da suka ɓace. Kakanninmu ne. Ku je gidan tarihi na nan Jos ku dubi kitson da ke kan kawunan yumɓun Nok, da tulin duwatsun wuya. Tsofaffinmu sun yi irin wannan ado. Malamin da ya ce ba su waye ba, a ba shi yumɓu ya gina kai ɗaya mai rami a ciki, ya gasa shi ba tare da ya fashe ba, sannan mu yi magana.

Bilkisu Lab: Anti Ladi, maganar gasa yumɓun nan gaskiya ce. Ba curi guda suke yi ba, ginin tukunya suke yi, zobe kan zobe, ciki fayau. Hujin da ke ƙwayar ido da hanci da baki yana barin zafi da tururi su fita lokacin gashi. Wanda ya san wannan ya daɗe yana fasa na gwaji.

Malam Garba Tsohon Tisha: Ladi ƙanwata, ba zan hana ki gadonki ba, amma bari in sa miki birki kaɗan. Sunan Nok ba su suka raɗa wa kansu ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok. Wajen 1943 wani ya sami babban kai a yankin Jama'a, ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi mutum-mutumi. Daga baya ya isa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanta ilimin tone-tone a Kambirij. Shi ya ga kamannin biyun, ya sa wa al'adar sunan ƙauyen farko. Da a Bukuru aka fara tono shi, da yau al'adar Bukuru muke cewa. An sami irin kayan nan a faɗin ƙasa mai yawa, daga kudancin Kaduna har Nasarawa da yankin Abuja. Murhunan narka taman da Sadik ke taƙama da su ma a Taruga Fagg ya tono su, kusa da Abuja.

Anti Ladi Kwoi: To Malam, a ƙasar wa aka tono na farkon? In ka tono tukunya a tsakar gidanku, ta maƙwabta ce?

Malam Garba Tsohon Tisha: In gidan ya shekara dubu biyu, sai in tambayi wa ya zauna kafin kakana. Mu nan Jos ai mun fi kowa sanin inda tambayar "wa ya riga zuwa" take kai mutane. Shi ya sa nake takawa a hankali.

Anti Ladi Kwoi: Na ji. Amma ni dai ba na karɓar a ce kayan kowa ne. Abin da aka ce na kowa ne, shi ake sacewa.

Bilkisu Lab: Abin da ya hana a yanke wannan shari'a shi ne ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi. An sami jerin duwatsu da ake ɗauka kaburbura ne, har da duwatsun wuya a ciki, amma ƙasusuwan sun narke. Da akwai su da an gwada jini, a ga wa ya haɗa da su.

Ustaz Nura Gangare: Salamu alaikum. Ni tambaya biyu gare ni, kuma ba da faɗa na zo ba. Ta farko, waɗannan abubuwa ba gumaka ba ne? Me zai sa ɗalibi Musulmi ya tayar da jijiyar wuya a kansu? Ta biyu, wa ya riƙe musu kalanda? Mutum ya tono tsingaro ya ce shekararsa dubu biyu da ɗari biyar, mu kuma mu ce na'am. Ko shekarun kakanninmu ba mu sani ba sai a ce shekarar fara ko shekarar yaƙin Hitila.

Sadik ɗan Rikkos: Ustaz, ta farkon ni ma ta taɓa damuna. Ranar da aka zana mana zamanin dutse a allo, wani a bayan aji ya ɗaga hannu ya ce to ina Annabi Adamu a wannan layi? Aji ya kaure. Malam ya ce shi abin da aka tono daga ƙasa yake koyarwa, mu kai wannan tambaya wajen malamanmu na addini. Na kai wa malaminmu na zaure. Ya ce min Alƙur'ani da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma dubawa daban, bautawa daban. Tun daga nan hankalina ya kwanta.

Ustaz Nura Gangare: Madalla da wannan amsa. Saura kalandar.

Bilkisu Lab: Ustaz, wannan layina ne, bari in gwada. Duk abu mai rai, itace ko gero ko ɗan Adam, yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon 14, daga iska ko daga abinci. Muddin yana raye, abin da ya fita ana mayar masa. Ranar da ya mutu an rufe famfo, sai raguwa. Kuma raguwar tana da ƙa'ida: duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. Ka ɗauka randa ce mai yoyo, wadda ka san duk awa kaza rabin ruwanta ke zubewa. In ka leƙa ka ga inda ruwa ya tsaya, ka san tun yaushe aka daina zuba mata. Wani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940, ya sami kyautar Nobel a 1960.

Sai dai ba ta aiki a kan dutse, kuma ba shi kansa mutum-mutumin ake aunawa da ita ba. Gawayi ko ƙonanniyar ƙwayar gero da aka samu tare da shi a rami ɗaya ake aunawa. Amsar ma ba ta zuwa da rana da wata, tana zuwa ne da "tsakanin kaza da kaza". Shi gasasshen yumɓu akwai wata hanyar daban, mai auna tun yaushe wuta ta taɓa shi. In biyun suka yi kusa da juna, sai a yarda.

Ustaz Nura Gangare: Misalin randar ya shiga. Amma in wani ya ƙara ruwa da dare fa?

Bilkisu Lab: Shi ne babban abin tsoron masu aikin. Saiwar itace ta ratsa ramin, ko ruwa ya kwaso gawayin wani zamani ya haɗa. Kayan farko da aka samu a wuraren haƙar kuza duk wannan matsala gare su, don ruwa ne ya gangaro da su ya cakuɗa. Shi ya sa aikin da masana na jami'ar Goethe da ke Farankfot a Jamus suka fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ya canja lissafi. Su a mazaunin mutanen suka yi tono. Suka ga an fara zama tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, gumakan yumɓu suka biyo baya wajen 900, ƙarfe kuma daga baya. Abincinsu gero da wake. Har ƙwallon atili an samu.

Aminu Mai Keke: Atili? To magana ta ƙare, 'yan Jos ne. Anti Ladi, a yi haƙuri.

Anti Ladi Kwoi: Aminu, mu ma muna da atili, kada ka ja ni.

Bilkisu Lab: Har zuma suna ci. A 2021 aka fitar da binciken da ya gano ragowar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, na wajen shekara 3,500.

Baba Mai Kuza: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Na ji ana maganar kuza shi ya sa na ce a sa baki na. Mahaifina lebura ne a haƙar kuza, daga ƙasar Kano ya zo, ni ma na ɗauki kwanon sarki ina saurayi. Yana ba mu labari cewa in ana wanki, wani lokaci sai ka ga hannu ko rabin fuska na yumɓu a cikin tsakuwa, ido a buɗe yana kallonka. Wasu su jefar su yi a'uziyya. Wasu su sa diga su farfasa, wai kada ya bi su gida. Daga baya aka ce Bature na so, heluma ya riƙa cewa duk wanda ya gani ya kawo. Mahaifina ya ce shi bai taɓa kaiwa ba, kuma bai taɓa fasawa ba. Yakan tura shi gefen rami da ƙafa ya rufe da ƙasa. Ya ce mai shi ya san inda ya ajiye abinsa.

Ni ban yi boko ba. Amma yaron nan da aka soke wa amsa, ina so in tambaye shi: su waɗanda suka rubuta littafin, da hannun wa suka tono abin?

Sadik ɗan Rikkos: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi a takardunmu sunan Fagg kaɗai ke akwai, da shekarar da ya buɗe gidan tarihin Jos, 1952. Leburori ko layi ɗaya ba su samu ba.

Hauwa 'yar ajinsu: Ko mai gonar doyar nan da kan ya tsare masa amfanin gona, "wani ma'aikaci" kawai aka ce.

Malam Garba Tsohon Tisha: Baba, Allah ya jiƙan mahaifinku. Abin da ya yi ya fi na waɗanda suka zo daga baya da ilimi da mota. A shekarun 1990 an yi wa wuraren Nok wasoso. Dillalai suna ba samarin ƙauye kuɗin cefane su tono, kaya su bi ta kan iyaka su ɓulla a Turai da tsada. Har gidan tarihi na Luba a Faris ya baje wasu a shekarar 2000, aka yi ta surutu, daga baya Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Kuma asarar ba ta tsaya ga tafiyar kayan ba. Wanda ya fizge kai daga rami ya watsar da gawayin da ke gefensa, ya yaga shafin da Bilkisu za ta karanta. Sadik, in wata rana ba a sami abin da za a amsa wa malaminka da shi ba, ka san inda wani ɓangaren amsar ya tafi.

Sadik ɗan Rikkos: To Malam, yanzu kun dawo ɓangarena ke nan?

Malam Garba Tsohon Tisha: A'a. A gwaji, amsa abin da aka tambaye ka da ma'aunin da aka koya maka. Makinka biyar sun tafi, ka yi musu addu'a. Abin da zan ba ka shawara shi ne ka same shi a ofis, da ladabi, ka tambaye shi wa ya ƙera sikelin, kuma da kayan wace ƙasa aka gwada shi. Childe Iraƙi da Masar da Indus da Maya na tsakiyar Amurka ya duba. Malamin kirki zai ji daɗin tambayar.

Hauwa 'yar ajinsu: Ni abin da ya fi tsaya min ma shi ne "kafin tarihi". A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8. Da aka auna, ya kai shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka samu a Afirka da ya girme shi, ya girmi dalar Giza ta Masar da shekaru dubbai. Wani ya zaɓi itacen, ya sare, ya fafe da gatarin dutse, ya fiƙe bakinsa. Sai a ce duk wannan kafin tarihi ne, tarihi bai fara ba sai da wani ya rubuta lissafin sha'ir.

Ustaz Nura Gangare: A nan ina tare da ke, 'yar'uwa. Mu da muka san isnadi, mun san ana riƙe labari a ƙirji kafin ya hau takarda.

Baba Mai Kuza: Tunda an ambaci gatarin dutse. Akwai wani abu a cikin kwallar mahaifiyata, tun rasuwarta yana wajena. Baƙin dutse ne sumul, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, baki ɗaya da kaifi, ɗayan a dunƙule. Ita gatarin aradu take ce masa. Ta ce tsawa ce ta jefo shi gindin wata bishiya a bayan barikin leburori. In yaro ya yi zazzaɓi takan jiƙa shi a ruwa. Jikana ya ɗauki hotonsa, ga shi nan.

Bilkisu Lab: Baba! Wannan ba daga sama ya faɗo ba, hannu ne ya wasa shi. Ku dubi yadda aka goge bakin ta gefe biyu. Ana ɗaura shi a ƙota a sare itace. Ana samun irinsa a wuraren Nok ma, don ba su yar da dutse ranar da suka sami ƙarfe ba. Don Allah kada a ƙara wanke shi, kada a goga masa mai. Kuma ku sa jikanku ya rubuta sunan barikin da inda bishiyar take, ya ajiye tare da shi.

Sadik ɗan Rikkos: Baba, ko za ku ba ni aronsa ranar Litinin in tafi da shi ofishin Malam?

Baba Mai Kuza: Ba ya fita daga gidan nan. In malamin naku yana son gani, ya zo Dilimi bayan la'asar, ina zaure. Ya taho da jan biron nasa.